Daga Ɓoye Yaro a Rumbu Zuwa Layin Kafe: Tarihin Neman Gurbin Karatu a Karkarar Arewacin Kano



Wannan makon mun ɗan jingine zancen ƙa'idojin rubutu, za mu leƙa tarihi. Abin da ya jawo haka wani abu ne da muka daɗe muna cin karo da shi a labaran da ake turo mana don dubawa. Jarumin labari ya gama sakandare a wannan shafi, a shafi na gaba sai ga shi a jami'a rataye da jaka, an haɗe tsakanin biyun da layi ɗaya tak: cikin ikon Allah ya samu admishan. Wani lokacin ma ba a tsaya nan gida ba, sai dai mu gan shi a filin jirgi zai tafi Ingila. Mu kuwa da muka fito daga ƙauye mun san cewa a cikin wannan layi ɗaya akwai shekara biyu ko uku na zirga-zirga, akwai ragon da aka sayar, akwai uban da ya daina yi wa ɗansa magana na wata guda.

Ƙanin ɗaya daga cikinmu, ɗan wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Dambatta, yana cikin wannan layin yanzu haka. Ya gama aji shida bara, kiredit ɗinsa sun cika har da Turanci da Lissafi, ya zauna JAMB ya ci 203, yana son likitanci, bai samu ba. Bana zai sake. Da muka zauna da shi muna lissafin inda zai nema, sai muka lura cewa kakansa ma an yi irin wannan zama a kansa, amma a juye: shi taruwa aka yi ana shawarar yadda za a ɓoye shi kada a kai shi makaranta. Tsakanin kakan da jikan bai fi shekara saba'in ba. Yadda abin ya juye haka shi muke so mu bi diddigi.

Sai mun fara da ƙasar kanta, don ita ce tushen zancen. Duk wanda ya bi titin Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko ya bi na Daura ta Dambatta, zai ga abu ɗaya: babu daji. Gona ce ta haɗu da gona, gida ya hango gida, tsakaninsu sai kuka da ɗorawa da gawo da aka bari da gangan. Wani masanin labarin ƙasa Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birni a shekarun 1960, ya nuna cewa kusan kowace gona ana noma ta duk shekara ba hutu, abin da ke riƙe da ita shi ne taki, har da wanda jakai ke ɗaukowa daga birni cikin mangala. Ƙasa ce mai albarka, amma ba ta ƙaruwa. Mutum ya mutu ya bar 'ya'ya takwas, a raba gandu, kowa ya samu abin da a da gayauna ce. Jikoki kuma a sake rabawa.

Saboda haka fita nema ba sabon abu ba ne a wajen mutumin wannan yanki. Da an kai amfani gida, samari su kama hanyar cin rani, wasu su shiga fatauci, wasu saƙa da rini da dukanci. Karatu ma fita ake yi a nemo shi. Kafin a san wata kalma wai ita admishan, uba yakan zauna ya auna malamai: wane alaramma ne almajiransa ke haddacewa, wane ne ke da tsanani, wane ne ke kai yara gabas. Kolo ya zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gardi kuma shi da kansa yake zaɓar tsangayar da zai koma, ya ji labarin wani gwani a ƙasar Haɗeja ko Barno ya naɗe buzunsa. Wato ɗalibi mai binciken makarantar da ta fi ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Bambancin shi ne tsangaya ba ta da adadin gurbi. Ba a taɓa ce wa gardi wuri ya cika ba.

Turawa sun ci Kano a 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, ɗalibanta na farko kuma 'ya'yan sarakuna ne da malamai da aka turo daga larduna. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horar da malamai, ita ce ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, yau muke kiranta Barewa. Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, tana lissafa shekarunta daga 1927. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. In muka tuna cewa Legas ta samu makarantar sakandare ta mishan tun 1859, za mu ga ratar da aka fara da ita, sama da shekara sittin tsakaninta da Kwalejin Katsina. Wannan ratar ce har yau ake ta ƙoƙarin cikewa da dokoki iri-iri, za mu zo kansu.

A wancan zamani yaron ƙauye ba ya neman makaranta, makaranta ce ke nemansa. Umarni ya taso daga En'e zuwa ga hakimi, Madaki a Dawakin Tofa ko Sarkin Bai a Dambatta, cewa ana son yara kaza a elementare. Hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni. Dattawanmu suna ba da labarin yadda ake jin dogari ya shigo gari sai a tura yaro cikin rumbu, ko a aika shi wajen dangin uwa a wata gunduma, ko a kai wa mai unguwa kaza don ya tsallake gidan. Suna kuma ba da labarin masu gari da suka ɓoye nasu 'ya'yan suka miƙa 'ya'yan barorinsu da na marasa galihu, sai ga shi bayan shekara ashirin ɗan baran ne ya dawo cikin mota. Wannan labarin an faɗe shi har ya zama kamar tatsuniya, kowane gari da nasa, amma bai kamata mu yi wa iyayen nan dariya ba. Makarantar ta wanda ya ci ƙasarsu da yaƙi ce, yaron da aka ɗauke kuma hannu ne guda da aka cire daga gandu, a lokacin da gyaɗa ke kawo kuɗin haraji da na aure. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama abin dogaro. Uban da ya ƙi boko a 1940 lissafi ya yi, kuma a ranar lissafinsa bai karkace ba.

Wanda aka kama ɗin, hanyarsa siririya ce ƙwarai. Shekara huɗu a elementare, sai a zaɓi kaɗan su tafi Midil a birni, daga nan a sake tace wasu 'yan ƙalilan zuwa kwaleji. Ba fom, ba zaɓin farko da na biyu. Hedimasta da jami'in ilimi na lardi su ke cewa wane zai wuce, wane zai zama malamin asibiti, wane malamin gona, wane zai koma gida. Mu marubuta muna da alaƙa da wannan siririyar ƙofa fiye da yadda muke zato. Gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da sauransu, Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da suka yi fice a cikinta duk tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina ne. Ƙagaggen labarin Hausa na boko daga hannun waɗanda suka tsallake wannan tacewar ya fara fitowa.

Jami'a kuwa ta zo a makare. Ibadan 1948, Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962. A Kano an fara da wata kwaleji a 1960, wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero a 1962 ta zama reshen Zariya. Matsalar da aka tarar ita ce an gina jami'a amma 'yan Arewa masu takardar shiga ba su da yawa, don makarantun da ke kai ɗalibi matakin da ake buƙata kaɗan ne. Shi ya sa tun farkon shekarun 1970 Zariya ta buɗe makarantar share fage, Kano ma ta kafa tata kwalejin da kowa ya sani da CAS. Waɗanda suka yi karatu a lokacin suna faɗa mana cewa in ka ci jarrabawa da kyau, gurbi ne ke jiranka, ga sukolashif na jiha, ga abinci. Sai dai a ƙauyukan da muke magana, mutum nawa ne suka kai aji biyar na sakandare balle su ci?

A ganinmu, in za a nuna lokacin da abin ya juye a karkarar arewacin Kano, shekaru huɗu ne a jere.

A 1975 cutar gyaɗa ta faɗa wa gonaki, bayan farin 1973 bai gama sakin mutane ba. Dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi kamar da ba. Abin da ke riƙe saurayi a gandu ya yi rauni, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke buɗe ofisoshi a birni ana neman duk mai takarda.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. Ajujuwa suka tsiro a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka ɗebi malamai da gaggawa, wasu ba su fi ɗalibansu da yawa ba. A shekarar ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen En'e. Dagacin da ke kamo yara ya zama mai roƙon iyaye su bar yara su gama.

A 1977, zamanin gwamnan soja Sani Bello, gwamnatin Kano ta yi wani abu da ya cancanci mu tsaya a kansa. An duba an ga jihar ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa sai ƙalilan, kuma dalilin ba a jami'a yake ba, a sakandare yake: yara suna gamawa ba su da Fizis da Kemistiri da za su nemi waɗannan kwasa-kwasan da su. Sai aka kafa hukuma ta musamman, aka ware makarantu biyu na kimiyya, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, a tsakiyar gonakin da muke zance. Ba a jira yaro ya gama sakandare ba. Daga aji biyu ake yi wa yara jarrabawa a makarantun jihar, a ɗebi waɗanda suka yi fice, a kai su kwana, a ba su malamai da ɗakunan gwaji, su shekara uku ba abin da suke yi sai shirin ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Rukunin farko sun fita a 1980. An buɗe ta 'yan mata a Taura a 1981, garin da yanzu ke cikin Jigawa. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda yawancinmu muka sani ta hanyar nazarin adabin kasuwar Kano da finafinai, digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan waɗannan makarantu ya yi shi. Ku shiga kowane babban asibiti a Kano ku tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare, za ku gaji da jin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu.

An soki tsarin tun a lokacin, ana cewa fifita 'yan kaɗan ne a bar sauran, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya, don yaron da bai haye a aji biyu ba an bar shi a makarantar da aka kwashe mata zaƙaƙurai. Amma mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne abin da gwajin ya tabbatar. Ɗan manomin Makoɗa ko Kunci da aka ce ba ya iya kimiyya, da aka ba shi malami da kayan aiki da abinci sau uku, ya iya. Kuma ya nuna cewa gurbin jami'a ba a aji shida ake nemansa ba, tun ran gini ran zane. A shekarar 1977 ɗin dai kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, BUK.

Sai 1978, aka kafa JAMB. Kafin nan kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta, mutum ya rubuta wa uku, ya samu gurbi a uku, ya je ɗaya, biyu su tafi a banza alhali wani na zaune a gida. Da jami'o'in tarayya suka ƙaru daga 6 zuwa 13 a tsakiyar shekarun 1970, sai aka ga gara a haɗa ƙofar ta zama ɗaya. Ƙofa ɗaya kuwa na nufin ɗan Tsanyawa zai zauna takarda ɗaya da ɗan Legas wanda kakan kakansa ya yi sakandare. Ƙorafi ya yi yawa daga Arewa, daga baya aka zauna a kan rabon da jami'o'in tarayya ke bi har yau: kashi 45 cikin 100 na gurabe ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Kano na cikin wannan jerin na ƙarshe. Mun sha jin 'yan kudu na cewa wannan rabo alfarma ce ake yi mana. Abin da ba su gani ba shi ne, a cikin Kanon ma rabon ba ya bambanta ɗan Nassarawa da ya yi makarantar kuɗi da ɗan ƙauyen da malamin Fizis ɗinsa ɗan bautar ƙasa ne da ya tafi a tsakiyar zango. Dukkansu 'yan Kano ne a takarda, layi ɗaya suke bi.

Cikin shekara huɗu ke nan gona ta sassauta riƙo, firamare ta zo ƙofar gida, aka ga ɗan talaka ya zama likita, aka kuma kafa ƙofa ɗaya mai adadi. Yaran UPE da suka gama sakandare a ƙarshen shekarun 1980 su ne rukunin farko da suka tarar da layi ya fi ƙofa faɗi, ga kuma tsuke bakin aljihun gwamnati na zamanin Babangida. Daga nan makaranta ta daina neman yaro.

Abin da ya biyo baya ƙarin matakala ne, za mu wuce da sauri. NECO ta fara jarrabawarta a 2000, ta zama ta biyu ga WAEC. A 2005 aka ba jami'o'i damar sake tantance wanda ya ci JAMB. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama ɗaya. A 2015 aka ajiye fensir gaba ɗaya aka koma kwamfuta. A 2017 aka kawo CAPS, shafin da ɗalibi zai shiga ya ga an ba shi gurbi ya danna ya karɓa. A 2021 aka ce ba rajista sai da lambar NIN. A Kano kuma akwai kwalifayin a aji biyar, wadda ita ke nuna wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Kowane mataki da dalilinsa, yawanci don toshe maguɗi, kuma wasu sun toshe. Amma kowane ɗaya ya zo da kuɗin mota zuwa Bichi ko Dambatta ko cikin birni, ya kuma zo da sabon mutum da yaro zai dogara da shi.

Nan ne muke so marubuta su buɗe ido. A kowane zamani akwai wanda ke tsaye tsakanin yaron ƙauye da makaranta, wanda ya san hanya alhali yaron da ubansa ba su sani ba. Da dagaci ne, sai hedimasta, sai jami'in hukumar kimiyya da ya zo da takardun jarrabawa. Yau mai kafe ne. Saurayi ne da kwamfuta biyu da janareta a bakin tasha, bai taɓa shiga jami'a ba wataƙila, amma shi ke ce wa yara ga abin da ake cikewa. Ƙanin namu da muka ambata, abin da ya faru da shi ke nan. Ranar rajista an dangwala masa yatsa, aka tambaye shi me yake so, ya ce likita, aka tambaye shi ina, ya ce BUK, don ita kaɗai ya sani. Ba wanda ya gaya masa cewa kwas ɗin da ya zaɓa shi ne wanda dubbai ke rububi a kan gurabe kaɗan, ko cewa jami'ar da ake rububinta ba ta waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu, ko cewa bayan sakamako ya fito akwai damar canza makaranta da kwas. Ya ji labarin canjin bayan an rufe. Kwamfuta kuwa, ranar jarrabawar ce rana ta uku da ya taɓa ta a rayuwarsa.

Kada a ɗauka 203 ɗin nan ƙaramin abu ne. Jarrabawar darasi huɗu ce, maki 400. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, har hukumar ta amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a Legas da kudu maso gabas ta sake wa kusan mutum 380,000. Yaron da ya fito daga ajin mutum ɗari, ya yi karatu da fitilar waya bayan ya dawo daga gona, ya haye 200, ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zaunar da shi tun yana aji huɗu ya zana masa taswira.

Taswirar kuwa ta faɗaɗa, ba kamar zamanin kakansa ba. Ban da BUK akwai jami'ar kimiyya ta Wudil da aka buɗe a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, akwai Northwest ta 2012, akwai ta tarayya a Dutse ta 2011. A ƙofar gida akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta fasaha a Bichi, da kwalejin aikin gona ta Audu Bako da makarantar ungozoma a Dambatta, da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, wadda ga mutumin Dambatta ta fi birni kusa. Akwai IJMB ga mai son shiga aji biyu kai tsaye, akwai hanyar NCE ko difloma sannan digiri. Sai dai a idon gari waɗannan ba ɗaya ba ne. Wanda ya tafi Bichi ana cewa bai samu ba ne ya tafi, ko da shi ya zaɓa. Mun ga yaran da suka zauna shekara uku suna sake JAMB don kada a ce sun yi NCE, abokansu da suka tafi tun farko har sun gama sun shiga digiri. Mun kuma ga waɗanda suka haƙura suka karɓi kwas ɗin da ba sa so, suna cizon yatsa har yau. Ba mu da amsa ɗaya da za mu ba kowa, kuma duk marubucin da ya ba jaruminsa amsa mai sauƙi a nan ya yi wa mai karatu ƙarya.

Lissafin 'ya mace daban ne, kuma ya fi tsauri. Ita ba maki kaɗai ake dubawa ba, ana duba nisa, da wanda za ta zauna a wajensa, da ko mai neman aurenta zai jira. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, kuma a ƙauye wata takwas ya isa a sa rana. Shi ya sa za ka ga yarinyar da ta fi kowa maki a ajinsu ta nemi makarantar ungozoma ko ta kiwon lafiya da ke kusa, ba don ba ta iya hango nesa ba, sai don ita ce kaɗai za ta samu amincewar baba da kawu da yaya a zama ɗaya. Iyayen da kakanninsu suka ƙi boko su ne yau ke cewa suna son mace ta duba matansu a asibiti. Wannan ma juyi ne da bai kai shekara hamsin ba, kuma ba mu ga an rubuta shi yadda ya kamata ba.

Ga masu son gwada alƙalaminsu a kan wannan, shawararmu ita ce ku koma gida ku yi tambaya kafin ku rubuta. Ku sami dattijon da aka kai elementare da ƙarfi, ku tambaye shi wa ya zo ɗaukarsa, me uwarsa ta yi a ranar. Ku sami wanda ya yi Dawakin Tofa a shekarun 1980, ku tambaye shi yadda ya ji sunansa ya fito, da abin da ya tarar a akwatin ɗan birnin da aka haɗa su ɗaki. Ku je kafe a watan rajista ku zauna awa biyu ba ku ce komai ba. Za ku ji yadda uba ke kiran kwas da sunan da ba nasa ba, za ku ga yaro yana kallon mai kafe kamar alƙali. Kuma ku kula da kuɗi, ku rubuta su dalla-dalla: na fom, na mota, na hoto, na darasin yamma, na kwana a birni in an tura yaro cibiya mai nisa. Labarin da ba a san daga ina kuɗin suka fito ba, ba labarin ƙauye ba ne.

Ƙanin namu dai mun zauna da shi da mahaifinsa a zaure bayan sallar isha'i, muka baje masa abin da muka sani. Yayansa yana ganin ya sa Wudil a farko ya nemi wani kwas na kimiyya, in ya so daga baya a ga abin da Allah zai yi. Kawunsa, wanda malamin firamare ne, ya ce ya tafi Bichi kawai, ga gida kusa, ranar Asabar ya dawo ya kama aikin gona. Shi yaron ya sunkuyar da kai ya ce a ba shi shekara ɗaya tak ya sake gwada likitancin, ya samu wani tsohon ɗalibin Dawakin Tofa da ya yarda zai riƙa duba shi a Kemistiri, ya kuma fara zuwa kafe sau biyu a mako yana biyan kuɗin awa don hannunsa ya saba.

Mahaifin bai yi boko ba, shi ne ɗan wanda aka ɓoye a rumbu. Ya saurari kowa har aka gama, sannan ya tambayi nawa ne kuɗin fom bana. Aka faɗa masa. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce waken da ke ɗaki buhu biyu ne, ɗaya na iri ne da cefane, ba ya taɓuwa. Ɗayan za a kai Dawanau ranar da farashi ya ɗan ɗaga. In an sayar, ya ce, a kawo masa yaron da yayan su sake zama, don shi har yanzu ba a fahimtar da shi bambancin zaɓin farko da na biyu ba.